Ranar da Badamasi Ya Ga Fir'aunansa

Badamasi ɗan Malumfashi ya zo Alƙahira ne don ya karanci nahawu a Azhar, ya koma gida a riƙa ce masa Dakta. Digirin farko dai ya samu, da ƙyar da jiɓin goshi. Na biyun ne ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Kundin bincikensa a kan haruffan jarri, risalar da ake jira, ta daɗe kwance a babi na biyu, har shi da kansa yakan ce idan aka tono ta nan gaba, gidan tarihi za a wuce da ita kai tsaye.

Abin da yake ci da iyalinsa da shi kuwa tafinta ne. 'Yan kasuwar da ke zuwa saro kaya a Ataba, da marasa lafiyar da ke zuwa ganin likita a Ma'adi, shi ke tarbo su daga filin jirgi, ya nemo musu masauki, ya tsaya tsakaninsu da Larabawa. Kuma duk baƙon da ya sauka, kafin ya gama shan ruwa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wai ina gawar Fir'auna take?"

Da farko Badamasi yakan ce Allahu a'alamu. Sai ya lura Allahu a'alamu ba ta ƙosar da baƙo, kuma baƙon da bai ƙoshi ba wani tafintan yake nema. Don haka ya fara tsintar labari, kaɗan daga waya, kaɗan daga bakin direbobin tasi, ya sa gishiri da yaji, ya juya. A kwana a tashi ya zama madogara. Ko ɗalibai 'yan'uwansa, idan gardamar sarakunan Misra ta kaure a masauki, sai a ce a bari Badamasi ya zo. Abu ɗaya ne ba wanda ya sani sai matarsa Humaira: duk shekarun nan, Badamasi bai taɓa sa ƙafa a ɗakin da aka ajiye gawarwakin sarakunan ba. Yakan kai baƙi har ƙofa ya ce shi ba zai ɓata alwalarsa da kallon maƙiyin Allah ba. Gaskiyar magana ita ce tsoron gawa yake yi. Ko a maƙabarta, shi ne mai tsayawa can baya yana riƙe wa mutane takalma.

Mutum ɗaya ne a duk Alƙahira bai yarda da iliminsa ba, wato Ya'ƙub. Shi Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, daga zuriyar waɗanda suka tashi aikin hajji a ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Kafin yaƙin Sudan malamin lissafi ne a Wad Madani. Yanzu ɗaurin kaya yake yi a wani shagon aika kaya a Ataba, inda 'yan kasuwar Badamasi ke kai buhunansu. Can suka haɗu, kuma tun ranar farko suka saɓa. Ra'ayin Ya'ƙub biyu ne, ba ya motsawa daga kansu: Fir'aunan Annabi Musa shi ne Ramsis na Biyu, kuma duk wani sarkin kirki da ya taɓa mulkin Misra daga Sudan ya gangaro. Ra'ayin Badamasi kuwa ɗaya ne tak, wato duk abin da Ya'ƙub ya faɗa ba haka ba ne. Matsalarsa dai ba shi da ɗan takara tsayayye. Yau ya ce wannan sarki, gobe ya ce wancan, har Ya'ƙub ya fara ce masa mai sauya fir'auna kamar hula.

Ana nan, ana cikin sanyin watan Fabrairu, sai gari ya ɗauka an gano kabarin wani sarki a duwatsun yammacin Luksor. Tuhutmus na Biyu, mijin sarauniya Hatshepsut. Da la'asar ɗin nan suna zaune a gahawa, wato wurin shan shayi da ke bayan shagon, kowa da kofin shayinsa, Ya'ƙub ya karanto labarin daga waya. An tarar da rufin kabarin shuɗi da taurari, an tsinci fasassun tuluna na farin dutse ɗauke da sunan sarkin, amma ɗakin wayam, domin ambaliya ta shiga tun zamanin da, aka kwashe kayan aka kai wani wuri.

Badamasi ya ajiye kofinsa a hankali. "Maimaita. Me ya shiga kabarin?"

"Ruwa. Ambaliya."

"Khalas, magana ta ƙare, Zol." Haka yake kiransa, da kalmar da 'yan Sudan ke kiran juna. "Ga Fir'aunan Annabi Musa nan Allah Ya tona."

Ya'ƙub ya dube shi ta saman tabarau. "Ya Maulana, ruwan sama ne. Kabarin a ƙarƙashin magangara aka haƙa shi. Gawarsa ma an tsince ta shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce a wata maɓoya, tana nan Fusɗaɗ a gidan tarihi. Me ya haɗa wannan da teku?"

"Ruwa ruwa ne. Wanda ya ci shi a teku bai ƙoshi ba, ya biyo shi har kushewa. Sarakuna nawa aka binne a duwatsun nan? Don me ruwa ya tsallake su ya zaɓi wannan?"

"Wa ya ce maka ya tsallake su?"

Badamasi ya tsallake tambayar ya yi gaba. Nan take wani abu ya faɗo masa. "Faɗi sunan ma ka ji. Tuhut-mus. Tuhumar Musa. Sunansa da kansa ya kama shi."

"Wato Fir'auna Hausa yake ji."

"Abin bautarsu babba me suke ce masa? Ra. Mene ne Ra? Rana. Rabin kalmar suka riƙe, mu muka riƙe ta cikakkiya."

Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a nahawu ya fi kowa sanin cewa tuhuma ma aro ce daga Larabci, kuma wata 'yar murya a cikin kansa ta tuna masa hakan. Amma wanda ya hau dokin gardama ba ya jin kiran mai kunu. Ya'ƙub ya yi dariya har da buga tebur, ya ce in haka ne shi ma Ramsis ai "ramin sisi" ne. Dariyar nan ce ta ƙona Badamasi. Kafin ya isa tashar jirgin ƙasa na metro ya danna waya ya yi saƙon murya mai tsawo, da bismilla da salati da komai, ya zayyano hujjojinsa, ya rufe da cewa babu tantama, babu kokwanto. Ya tura zauren ɗalibai 'yan Katsina ya sa wayar a aljihu.

Ya zaci mutum goma za su ji. Kafin Juma'a ta zagayo, saƙon ya je Kano ya je Maraɗi ya komo. Wani kawunsa ya turo masa shi daga Malumfashi, an rubuta a sama cewa bayanin wani babban farfesa ne a ƙasar Misra, kawun yana tambaya ko Badamasi ya san farfesan. Badamasi ya amsa cewa sukan gaisa.

A cikin waɗanda saƙon ya isa kunnensu akwai Alhaji Sada, wani dattijon ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa, wanda Badamasi ya sauke a Ma'adi za a cire masa yanar ido. Alhaji ya daɗe ba ya gani sai dishi-dishi, amma kunnensa garau, kuma muryar da ke masa tafinta kullum ba za ta ɓace masa ba. Ranar da aka kwance masa bandeji, likita ya ce tamam, aiki ya yi kyau, Alhaji ya juyo ya ƙare wa Badamasi kallo.

"Ashe haka kake. Na zaci ka fi haka jiki." Ya yi murmushi. "Malam Badamasi, kai ne a odiyon nan."

"Ni ne, Alhaji."

"To alhamdu lillahi. Tun ina ƙarami nake jin haushin Fir'aunan nan. Na yi wa Allah alkawari idan idona ya buɗe a ƙasar nan, zan je in tsaya a kansa in gaya masa magana. Sai ga shi kai ka gano shi. Jibi za ka kai ni. Kuma ba a ƙofa za ka bar ni ba, kai za ka nuna mini shi da yatsanka."

Badamasi ya buɗe baki zai kawo zancen alwala, sai ya tuna Alhaji ya je hajji ba sau ɗaya ba, ya san abin da ke warware ta. Ya ce insha Allahu.

Da ya gaya wa Humaira, tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, kai da ranar da ɓera ya mutu a bayan firji sai da muka kira bawwab mai gadin gida ya fitar? Ka tafi da lemon tsami a aljihu."

"Ke ba ki san darajar ilimi ba."

"Na sani mana. Ina zaune da shi a gida, yana tsoron ɓera."

Ya rasa abin da zai yi, sai ya kira Ya'ƙub ya ce ya zo ya ga yadda za a rufe gardamarsu a gaban shaida. Haka ya faɗa a waya. A ransa kuwa so yake a samu ƙaƙƙarfan mutum a kusa, saboda halin ko-ta-kwana.

Da hantsi suka isa Fusɗaɗ a tasi. Alhaji ya sha farar shadda da baƙin tabarau na asibiti, yana dogara sanda, Badamasi na riƙe da gwiwar hannunsa. A babban zauren sama Badamasi ya saki jiki, ya yi ta zuba bayani a kan karusai da tukwane, yana jan lokaci, har Alhaji ya ce shi ba tukwane ya zo gani ba. Suka nufi gangaren da ke sauka ƙasa. Wani ma'aikaci ya gargaɗe su da yatsa a leɓe: ba hoto, ba ɗaga murya.

Wurin sanyi, bangon baƙi, hasken ƙasa-ƙasa. Mutane na tafe a layi ba mai tari. Badamasi ya rage sauri. Ya ƙirƙiro dabara nan take: allunan bango kawai zai riƙa karantawa, ba zai dubi akwatunan gilashin ba. Haka ya yi ta tafiya kamar mai ciwon wuya, fuska a bango, har ya ga sunan da yake nema.

"Ga shi nan, Alhaji," ya raɗa, yana nuni da hannu ta baya.

Alhaji ya saki hannunsa, ya matsa, ya zare tabarau. Ya gyara tsayuwa, ya share maƙogwaro irin na mai shirin jawabi. Amma jawabin bai zo ba. Ya tsaya yana kallo har Badamasi ya fara tunanin ko aikin idon ne ya warware.

"Malam Badamasi, zo ka dube shi."

Babu hanyar gudu. Ya juyo. Wani ɗan siririn mutum ne kwance an lulluɓe shi da farin yadi, fuskarsa ta bushe ta yi duhu, 'yan gashi a gefen kai, baki a ɗan buɗe kamar wanda barci ya kwashe yana tsakiyar magana. Badamasi ya yi kwanaki yana kiran sunan nan a gahawa da cikin metro, bai taɓa kawo wa ransa cewa sunan yana da kunnuwa ba.

"Shekarunsa nawa da ya mutu?"

"Masana sun ce wajen talatin, Alhaji."

"Ai yaro ne." Alhaji ya jingina da sandarsa. "Ɗana Ukasha bai wuce haka ba da mota ta kashe shi a hanyar Zariya. Ni na yi masa wanka. Haka fuska take komawa ƙarama." Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya juyo da sabon idonsa ya ɗora a kan Badamasi. "Na zo in la'anci mutumin nan. Amma ka san la'ana, idan ba ta tarar da mai ita ba, gida take komowa. Za ka iya rantsewa da Allah shi ne?"

Badamasi ya nemi hujjojinsa, ya tarar duk sun tsaya a sama wajen tukwane. Ambaliya, Tuhumar Musa, Ra da rana, ba wadda ta yarda ta sauko ta tsaya a gaban wannan fuska.

"Ba zan iya ba, Alhaji."

"A odiyo ka ce babu tantama."

"A waya babu. A nan akwai."

Ya'ƙub, wanda ya yi ta haƙuri a baya kamar kura ta ga an kwance akuya, ya matso ya kama hannun Alhaji da ladabi. "Ya Hajj, ku zo in nuna muku na gaskiyar. Yalla, ba nisa." Ya ja su suka wuce sarakuna da dama har gaban Ramsis na Biyu. Wannan dogo ne, hanci a lanƙwashe, gashi ja-ja a ƙeya, wuya kamar na tsohon zakara. Ko a mace da ganinsa ka ga wanda ya saba a durƙusa masa.

Alhaji ya gyaɗa kai. "Wannan kam ya yi kama da masu mulki. Shi kuma nawa?"

"Wajen casa'in," in ji Ya'ƙub da alfahari, kamar shi ya raine shi.

"Casa'in. Malam Ya'ƙub, ni ban kai tamanin ba, amma ko matakalar masallaci sai an tallafe ni. Wannan tsohon ne zai hau keken doki ya bi mutane da gudu har cikin teku?"

"Wataƙila ɗaukarsa aka yi, ya Hajj."

"Za ka rantse?"

"La, wallahi ba zan rantse ba."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sa'an nan ya taka zuwa tsakiyar hanya, ya dafa sandarsa da hannu biyu, ya yi magana da ɗakin gaba ɗaya, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji: "To, duk wanda shi ne a cikinku, ya san kansa, kuma Allah Ya san shi. In kuma ba ya nan, ku yi haƙuri da mu." Ma'aikacin ya taho da sauri yana shiit, shiit. Alhaji ya ce masa ma'alish, wato a yi haƙuri, kalmar Larabci ɗaya da ya koya a asibiti, ya mayar da tabaransa.

A nan ne ya kamata a ce an tashi lafiya. Amma da nauyin hujja ya sauka daga kan Badamasi, sai idonsa ya sami sukunin ganin inda yake. Gawa a dama, gawa a hagu, yatsun ƙafa baƙaƙe suna leƙowa daga ƙarƙashin yadi, kuma hanyar fita sai an ratsa sauran. Bangon ya fara juyawa. Ya laluba aljihu, ya tuna ya bar lemon tsamin a kan firji don kada Humaira ta ga ya ɗauka. Sai ji ya yi yana zaune a ƙasa, wata Baturiya na masa fifita da takarda.

Haka aka fito da babban farfesan ƙasar Misra: Ya'ƙub ya saɓa hannunsa ɗaya a kafaɗa, dattijon da aka kawo don a riƙe shi ya riƙe ɗayan, yana cewa, "Sannu, ɗana, taka a hankali, akwai hawa a gabanka."

Suka zauna a benci a waje, suna fuskantar tafkin da ke gefen ginin. Ya'ƙub ya sayo ruwan rake mai sanyi ya miƙa masa. Badamasi ya sha, ya sunkuyar da kai yana jiran ruwan ba'a, don ya san da shi ne a matsayin Ya'ƙub, sai an yi shekara ana jin labarin nan a Ataba. Ba'ar ba ta zo ba. Ya'ƙub tafkin yake kallo.

"Shekara dubu uku da ɗoriya," ya ce can, kamar da kansa yake. "An samo gawarsa, yanzu an samo kabarinsa. Har da taurari a rufi." Ya juya kofin a hannunsa. "Mahaifiyata a hanya ta rasu, muna tahowa ta sahara a bayan mota. Ciwon suga, maganin ya lalace da zafi. Muka haƙa da hannu da murfin tukunya, direba na ta danna mana hon. Na jera duwatsu a kai don in gane wurin. Da motar ta tashi na waiwaya, sai na ga ko'ina duwatsu ne."

Alhaji Sada ya ɗaga hannuwa ya yi mata addu'a doguwa, ya haɗa da ɗansa, suka shafa. Ya ce wa Ya'ƙub ƙasa duk ta Allah ce, kuma ranar tashi ba a neman kowa da alama. Badamasi ya ce amin. Fiye da shekara yana zama da mutumin nan kusan kullum. Ya san ra'ayinsa a kan kowane sarki da ya mutu kafin a ƙirƙiri sabulu, amma bai taɓa tambayarsa yadda ya iso Misra ba, ko wa ya baro a hanya.

Washegari ya yi sabon saƙon murya. Ya ce shi ne mai bayanin farko, kuma ya janye; ba wanda ya tabbatar da wane ne Fir'aunan Annabi Musa, masana ma saɓani suke, kuma zancen Tuhumar Musa shaci-faɗi ne. Ya tura duk inda ya san na farkon ya bi. Ba wanda ya yaɗa shi. Mutum ɗaya ne ya amsa, wani daga Gusau, ya ce ya ji tsoron Allah ya daina yi wa farfesa hassada.

Alhaji ya koma Funtuwa da idonsa garau, azumi ya kama. Badamasi ya ɗauki sabon hali: duk wanda ya tambaye shi zancen sarakunan da, sai ya ce Allahu a'alamu. Yakan leƙa shagon Ya'ƙub, su gaisa, su tambayi iyali, su yi zancen tsadar tumatir, sai magana ta ƙare kowa ya kama kallon titi. Badamasi ya ɗauka wannan shi ne natsuwa irin ta manya, har yana jin kansa ya ƙara daraja.

Ana tsakiyar wata Mahasin, matar Ya'ƙub, ta gayyaci Badamasi da Humaira shan ruwa a ɗan ɗakinsu na unguwar Faisal. Kafin a kira salla, Ya'ƙub ya sauka sayo burodi, sai Mahasin ta tsaya a bakin kicin tana goge hannu.

"Ustaz, me ya shiga tsakaninku da Abu Munzir?" Haka take kiran mijinta.

"Babu komai, wallahi. Mun ma daina gardama."

"To ita ce matsalar. Da, yakan dawo yana huci, ya ce yau Badamasi ya ce kaza, gobe zan gwada masa. Ya ci abinci yana faɗa da kai, ya kwanta yana shirya amsa. Yanzu sai ya dawo ya zauna da waya yana duba labarin gida, wa aka kashe, wace unguwa aka ƙona. Ba ya cin rabin kwano." Ta koma ciki ta bar shi da Humaira, wadda ta dube shi ta ɗaga gira.

Ya'ƙub ya dawo, aka kira salla, suka buɗe baki da dabino da abre mai sanyi, abin shan da 'yan Sudan ba sa azumi sai da shi. Mahasin ta ajiye asida, tuwon 'yan Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya. Ya'ƙub ya ɗan taɓa, ya janye hannu. Talabijin na kunne ba murya, sai ga hoton wani rami mai zurfi da bangon dutse, ma'aikata na share ƙasa da buroshi. Badamasi ya karanta rubutun da ke gudu a ƙasa. Wani kabarin sarki kuma aka tono a Abidos, can kudu, wanda ya girmi na Tuhutmus. Sai dai wannan ba a san ko na wane ne ba, domin ɓarayin zamanin da sun lalata wurin da aka rubuta sunan.

Ya'ƙub ma ya gani. Ya ɗan tsaya, ya mayar da kai kan kwano.

Badamasi ya ji Allahu a'alamu ta taso masa har leɓe. Ya haɗiye ta da abre. Ya gyara zama, ya share maƙogwaro.

"Ni dai ban ce komai ba, Zol. Amma sarkin da aka kankare sunansa, ka san ba a banza ba. Wa za a shafe wa suna in ba wanda ya jawo wa ƙasa annoba ba, ya kuma kai rundunarta teku ya baro?"

Ya'ƙub ya ɗago a hankali. "Ɓarayi ne suka fasa, ya Maulana. Yanzu ka karanta da idonka."

"Ɓarawo zinariya yake nema. Me zai yi da suna?"

"Kai ba ka tuba ba ashe." Ya ture waya gefe, ya jawo kwanon gabansa. "In ma da gangan aka kankare, to na san dalili. Kabarin a kudu yake. Sarkin namu ne, baƙi ne daga Sudan, hassada ta sa suka goge shi."

"Abidos ce Sudan?"

"Ta fi kusa da Sudan a kan Malumfashi."

Badamasi ya gaya wa kansa sadaka yake yi, taimakon ɗan'uwa ne a wata mai alfarma, kuma lada yake sa rai. Wannan niyyar ta yi masa kamar minti biyu. Daga nan ya manta da ita sarai, ya tsinci kansa a durƙushe yana zana taswirar Nilu da yatsa a kan ledar cin abinci, wuyansa ya yi jijiya, yana jin daɗin da rabonsa da shi tun kafin Fusɗaɗ. Ya'ƙub na kai loma yana girgiza kai, yana cewa la, la, la da cikakken baki, har ya miƙa wa Mahasin kwano ta ƙara masa bai sani ba.

Humaira ce ta tuna musu ba su yi Magariba ba, lokaci na ƙurewa. Suka tashi suka yi alwala suna ci gaba ta ƙofar banɗaki. Ya'ƙub ya shimfiɗa darduma, ya tura Badamasi gaba.

"Ja mu, kai ne na Azhar. Amma kada ka ɗauko doguwar sura. Kana sallamewa zan ba ka amsa."